Manzo Mai Wuta da Kwaltar Sanyi

Duk wanda ya taɓa tsallake rami a titin Tawa ya san Manzo Mai Wuta, ko bai san sunansa ba ya san hayaƙinsa. Shekara ashirin da takwas ya yi yana dafa kwalta a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, yana motsawa da wani dogon ƙarfe, masu liƙe hanya suna ɗiba. Gashin girarsa ya ƙone tun yana saurayi, bai sake fitowa ba. Matarsa Zahara takan ce ko a jeren sallar Idi, da hanci take gano inda yake. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, don a ganinsa duniya kashi biyu ce: waɗanda suka iya wuta, da sauran jama'a.

Wata shekara da sanyi aka kai su aikin wata hanya wajen Barmu. Shugabar aikin injiniya ce, Aïcha, yarinyar da ya isa ya haife ta, wadda ta yi karatu a wata ƙasa mai ƙanƙara. Ta buɗe tano ɗaya ta nuna musu wani ruwa mai kalar kofi da madara. Ta ce kwalta ce aka haɗa da ruwa. Za a cuɗa ta da jar ƙasa a shimfiɗa a matsayin gindin hanya, idan ta fara baƙi a sa motar daɓe ta bi ta kai. Ba a dafa ta.

"Ba a mi?" in ji Manzo.

"Ba a dafa ta, Baba. Wuta ma ɓata ta take yi."

"To, ɗiyata, ni mi zan yi?"

Aïcha ta duba takardunta, ta ce za ta gani zuwa ƙarshen mako. Manzo ba yaro ba ne, ya gane sallama ce ke tafe. Ranar ko shayi bai sha ba. Tsoro ya kama shi sosai, ba na komai ba sai na zama gida Zahara tana aiken shi sayen tattasai.

Kashegari ya ji Aïcha tana gaya wa direban motar daɓe cewa wannan kwalta ba ta son sanyi. A ƙasar da ta yi karatu har ɗaki ake sa ta, kuma idan gari ya yi sanyi tana daɗewa ba ta yi baƙi ba. Kai! Manzo ya ji kamar an yi masa bushara. Abin da ba ya son sanyi ai mai jego ne, mai jego kuwa sai da mai hura wuta.

Ya fara da lallashi. Ya kwaso barguna uku daga gida ya lulluɓe tano uku, na huɗu ya sa masa tsohuwar rigar sanyinsa. Zahara ta tashi da sassafe tana rawar ɗari, ta nemi bargo ta rasa, ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Aïcha ta ga tanonta sanye da riga, ta yi dariya ta ƙyale. Wannan dariya ita ta ɓata shi, don ya ɗauka izini ne.

Ran Alhamis da hantsi, kafin Aïcha ta iso, ya jera duwatsu uku ya ɗora tano ɗaya. Wai 'yar wuta kaɗan, ta gaisuwa. Ya zauna yana fifita, ransa fes. Can sai tanon ya fara gunaguni. Kafin ya ce innalillahi kumfa ta taso, ta yi ambaliya kamar madara a kan murhu. Manzo ya ja da baya a guje, ya ci karo da kwatarniyar da aka zuba kwaltar aikin ranar, mai sanyi, ya faɗa ciki tsundum. Da aka jawo shi, idanu kawai ake gani.

Daidai nan Aïcha ta sauko daga mota. Ta kalli wutar, ta kalli tanon da ya lalace, ta kalli Manzo yana ɗiga. Sai ta aika a nemo man gyaɗa a ƙauye don goge shi. Kafin man ya zo, bawan Allah ya tsaya a rana yana karkarwa, hannuwa a buɗe. Ma'aikata suna shimfiɗa jar ƙasarsu suna cije dariya.

Bayan wani lokaci direba ya tayar da motar daɓe. Manzo ya yi tsawa daga inda yake: "Tsaya! Ba ta yi ba. Har yanzu santsi nika ji ga wuyana." Direban ya dubi Aïcha, ta ce a jira. Aka jira. Manzo ya soma rikiɗa daga kofi zuwa baƙi, daga goshi zuwa ƙasa. Da gemunsa ya manne da ƙirji sai ya ce, da ƙyar bakinsa na buɗuwa: "Yanzu." Aka bi da mota, ƙasa ta kwanta lumui, ko ɗigo bai bi taya ba.

Zahara ta yi kwana biyu tana darzarsa da man gyaɗa tana tsaki. Gemu dai bai tsira ba, sai da wanzami ya shiga maganar.

Ran Asabar Aïcha ta kira shi. Ta ce ba ta da aikin mai wuta, amma tana son mai duba kwalta, wanda zai riƙa faɗin lokacin daɓe. Sharaɗi ɗaya: ya ba ta ashanar da ke aljihunsa. Manzo ya daɗe yana juya kwalin a hannu kafin ya miƙa.

Har yau yana nan. Kowace safiya yakan ɗiga kwalta a bayan hannunsa, ya tsaya yana sauraren fatarsa, kuma ba a motsa mota sai ya ce a motsa. Tsohon rabin tanon kuwa Zahara ta kankare shi, awakinta ke shan ruwa a ciki. Yana tsakar gida, daidai hanyar fita. Manzo yakan zagaya ta bayan rumbu, wai nan ya fi kusa.