Ministan Ɓeraye na Layinmu

Ni na raɗa wa Shahata suna Ministan Ɓeraye, kuma duk layinmu na unguwar Imbaba ya karɓa. Shagona na guga yana ƙasan benen da yake haya, ba ya fita ba ya shiga sai ta gabana. Da safe in na hango shi yana saukowa, sai in ɗaga dutsen guga in sara masa.

"Ranka ya daɗe, Abu Wa'il! A gaishe min da talakawanka masu wutsiya."

"Allah ya shirye ka, Usta Garib," zai ce. "Sun fi ka tsafta."

Gaskiyarsa kuwa. A wata cibiyar bincike yake aiki, can tsallaken kogin Nilu, kuma kafin ya shiga wajen ɓerayen sai ya sake kaya, ya rufe kai da baki kamar mai shirin yi wa wani basha mai sarauta tiyata. Wai ba irin na bayan shagona ba ne. A jirgin sama aka kawo kakanninsu, ni da ko Iskandariyya a tsaye na je cikin jirgin ƙasa. Ya ce masana sun taɓa wani abu a cikin halittarsu tun suna ƙwai, sai ƙwaƙwalwarsu ta daina yin wani sinadari, furotin yake ce masa. Ɓeran da ya rasa shi ba ya kula 'yan'uwansa, ba ya yin sheƙa, sai ya maƙale a kusurwa.

Duk abin da nake tsokanarsa da shi, wannan ban taɓa ba. Ɗansa Wa'il yana sama a ɗaki. Yaron da ya kusa gama karatun injiniya, ya dawo yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Labulensa ba ya buɗuwa. Maganin da ke ɗan kwantar masa da hankali ta asibitin ma'aikatan cibiyar ake samu, saboda uban yana aiki can.

Bara wata Dakta Mirfat ta fara gwada sabon magani a kan ɓerayen. Masu jan tambari a keji ana yi musu allurar maganin, masu shuɗi allurar ruwan gishiri kawai. Kowane ɓera shi kaɗai a kejinsa. Aikin Shahata abinci, ruwa, da shara.

Tun daga nan mutumin ya canza. Ya riƙa tsayawa wajen mai suyar 'ya'yan kabewa yana cika aljihu.

"Minista, an fara cin amanar ofis ke nan? Kai da haƙoranka ba sa iya burodi?"

"Na marasa lafiya ne," ya ce, yana murmushi.

Na ɗauka Wa'il yake nufi.

Wata la'asar ya dawo da kwalin kayan zaƙin nan, basbusa, a hannu, fuskarsa kamar wadda aka wanke da toka. Bai hau sama ba. Ya ja kujerar da nake ajiye wa masu jiran kaya ya zauna.

"Kayan zaƙi a hannu, fuska ta makoki. Wani ɓeran ne ya rasu ya bar maka gado?"

"Garib, rufe bakin nan ka saurare ni."

Na ajiye dutsen.

Ya ce Dakta ce ta raba basbusar, don maganin ya yi aiki. Masu jan tambari sun fara sheƙa, suna shinshinar baƙon ɓera in an sa musu shi. Dakta har da hawayenta. Ta tara ma'aikata tana bayani cewa tunda ja da shuɗi ɗaki ɗaya suke, abinci ɗaya, kulawa ɗaya, to ba abin da ya bambanta su sai maganin.

"To alhamdu lillahi! Me ya rage?"

"Ba kulawa ɗaya ba ce."

Ashe tun ranar da aka fara allurar, shi yana lallaɓa masu ja. Yana ɓare musu 'ya'yan kabewa. Yana ɗaukar su a tafin hannu yana yi musu hira. Ranar Alhamis in manya sun tashi, sai ya haɗa su bibbiyu su yi hutun Juma'a tare, ya raba su kafin kowa ya dawo.

"Kai kuwa me ya kai ka?"

"Wa ke shan magani da yunwa? Wa ke jinya ba mai leƙo shi? Ko mahaifiyarka da ta kwanta, ba duk layin nan ne ya yi ta hawa da miya ba? Na ga su ne a kan magani, na ce bari in taimaka wa maganin." Ya share goshi. "So nake ya yi aiki, Garib. Ka san don wa."

Ni dai karatuna bai wuce sa hannu ba, amma na gane an zuba wa Dakta ƙasa a tukunya. Na ce masa, "Ɓera ba ya kai ƙara. Ci basbusarka ka yi shiru. In suka kore ka, maganin Wa'il fa?"

"In kuma na yi shiru suka ɗora a kai? Wata rana a ba wani uba kwalba a ce ga waraka, alhali 'ya'yan kabewa ne?"

"Wannan uban ba maƙwabcina ba ne. Kai ne maƙwabcina."

Ya tashi, ya bar min kwalin a kan tebur.

Kwanaki ya yi yana wucewa ba gaisuwa, ni ma ban sara masa ba. Ummu Wa'il ta sauko da kanta kawo guga, abin da ba ta saba ba, ta tambaye ni ko na san abin da ke hana mijinta cin abinci. Na ce zafi ne.

Daga baya ya faɗa wa Dakta. Ya ce ba ta yi masa tsawa ba, ya so ma ta yi. Zama ta yi a ƙasa cikin farar rigarta, ta ce, "Baba Shahata, aikin shekara ka san ka zubar?" Ba ta bari an kore shi ba, amma an raba shi da ɗakin. Yanzu kejin da ba kowa a ciki yake wankewa a ƙasan gini. An sake gwajin daga farko, da wani ma'aikaci da ba ya sanin wane keji ne na magani.

Da sakamakon ya fito, masu magani da masu ruwan gishiri duk suna kusurwa.

Ranar da ya gaya min, sai bakina ya yi abin da ya saba.

"To ai ka gani, Minista, kai ne maganin! Hira da 'ya'yan kabewa. A zuba ka a kwalba a sayar."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Tun da ciwon nan ya kama Wa'il nake zama bakin gadonsa ina yi masa hira," ya ce. "Ka ga ya sauko?"

Na ɗauki dutsen na koma kan guga. Ya tambaye ni ko rigarsa ta aiki ta samu, na ce saura hannu ɗaya. Ya ce zai jira.