Baba Mai Lambar Bama

Da muka sauka Jidda, ni da maigidana, ɗaki muka kama a unguwar Mahjar, a gidan wani tsoho ɗan ƙasarmu. Dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, kullum yana ƙofar gida yana gyaran takalma. Baba muke ce masa. 'Ya'yansa duk a nan aka haife su, in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

Wata rana ina shanya na ga jikokinsa suna jifan juna da wani ƙarfe mai ƙyalle a jiki. Na karɓe na kai masa.

"Baba, wannan ba naka ba ne?"

Ya juya shi a tafin hannu. "Lambar yabo ce, 'yata. Ta yaƙin Bama."

Ban san ya yi soja ba. Na zauna a dokin ƙofa, ya ba ni labari yana ɗinki. Ya ce a bakin wani kogi Japanawa suka rutsa su, aka harbi Baturen da ke jagorantarsu, aka harbi amininsa, wanda suka shiga soja tare daga ƙauye ɗaya. Baturen ya fi kusa, shi ya fara goyawa ya haye ruwa. Ya koma ɗauko aminin, a nan harsashi ya same shi a ƙafa. Ya kawo shi gaɓa, amma rai ya yi halinsa.

"Ranar da aka maƙala mini ita, ceton Baturen kaɗai aka ambata, ban da aminina," in ji shi.

Da jirgin ruwa ke mayar da su gida, suka bi ta Bahar Maliya. Wani ya nuna gabas ya ce Makka na can. Baba ya tuna amininsa ba shi da zance sai na Hajji. Bai daɗe a gida ba ya kamo hanya ta Sudan. Ya sauke nasa farali, shekara ta zagayo ya yi wa aminin.

"Me ya hana ka komawa, Baba?"

"Na yi aure, halas, shi ke nan," ya ce, yana dariya.

Daga ranar, in na tuƙa tuwo sai na zuba masa, don surukarsa shinkafa kawai ta iya. Mun koma can garin Kurayyat kafin ya rasu, labarin bai iso mu ba sai bayan an kai shi.