Ba'amurken da ya ƙi taɓa kilishina

Na buɗe ƙunshin kilishi na tura gabansa, na ce bismillah. Mutumin nan ya zuba masa ido kawai.

A Guangzhou ne, ƙarshen shekarun 1990. Ba'amurke ne, mun haɗu wajen sarin riguna a kasuwar Shisanhang, shi ya yi mini tafinta da mai shago. Na ce bari in karrama shi da tsarabar Kano. Mu kuma ba ma riga baƙo sa hannu, sai na zauna ina jiransa.

Bai taɓa ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wato ƙyamar baƙar fata yake yi. Har na fara naɗe takardar.

Sai ya ce da Turanci, "Don Allah ka fara ci. Kakata 'yar ƙabilar Osage ce, 'yan asalin ƙasar Amurka. Da aka samu man fetur a ƙasarsu, Turawa suka riƙa auren matansu suna sa musu guba don su ci gado. Haka yayarta ta mutu. Kafin masu binciken gwamnatin tarayya su zo, an binne mutane da yawa. Shi ya sa a gidanmu sai mai abinci ya ɗanɗana muke ci."

Na sauke ajiyar zuciya, na yagi babba na tauna a gabansa. Ya ɗauka yana dariya. Yaji ya sa shi hawaye, amma tas muka cinye.

Da na tashi da fushina, da har yau ina zagin bawan Allah. Ku fa, wa kuka taɓa yi wa irin wannan zaton?