Ƙafata da Jirgin Shu'aiba

Injiniya Bashir ya cuce ni, kuma da sunansa zan fara. Ya saya wa abokan aikinsa takalman roba na shiga teku, ni da na tuƙa su ya bar ni da silifas, alhali ya san ina da ciwon suga.

Aziziyya

Ni direban gida ne a unguwar Safa a Jidda, Asabar nake hutu. Masallacinmu ɗaya da Injiniya a unguwar Aziziyya, shi ya roƙe ni in kai su kallon wani tsohon jirgin ruwa da ya kafe a gaɓar Shu'aiba, kudu da Jidda. Ana idar da asuba muka tashi a motarsa, da shi da Larabawa biyu.

Hanyar kudu

A shingen 'yan sanda aka duba iƙama, wato katin izinin zama, muka wuce. Mun tsaya cin ful da tamis, waken Larabawa da burodinsu, a gidan mai, nan na ga takalman a but, na tambayi nawa. Ya yi dariya.

"Haba Malam Idi, kai fa ɗan Gaya ne, a bakin kogin Kwara aka haife ka. Ruwan ma iya gwiwa ne."

Maganar ta yi mini daɗi, na rufe but ɗin.

Shu'aiba

Da hantsi muka hango jirgin, ya kishingiɗa gefe guda, duk tsatsa, tsuntsaye a kansa. Suka sa gilashin ruwa, suka ce yalla, mu je, suka kifa fuska a ruwa. Ni na naɗe wando na bi su da ƙafa, ina zaton yashi ne kamar na kogin Kwara. Ashe dutse ne mai kaifin fasasshiyar kwalba. Igiyar ruwa ta tafi da silifas ɗin dama, na taka wani baƙin abu mai ƙayoyi irin na bushiya. Na juyo, ban kai jirgin ba.

Komawa

Ni na tuƙo su gida, ƙafa ɗaure da tsumma, suna ta kallon hotuna. Ciwon ya ruɓe, likita ya yanke yatsu biyu. Kafilina, maigidan da nake wa aiki, ya jira har ya gaji, ya ce halas, wato shi ke nan, ya ɗauki wani direba.

Alhamdu lillahi, rai yana nan. Injiniya ya zo dubiya da ledar lemo, har yana miƙo mini waya in ga cikin jirgin. Na yaye zane na nuna masa ƙafar, na ce:

"Ni na ga naka jirgin. Ajiye wayar, kai ma ka kalli nawa."