Tsokar da Baba Ya Bari a Legas

Baba bai taɓa yarda ya mallaki ko kujerar kirki a Legas ba. Ya fi rabin rayuwarsa yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, a Agege ya yi aure, a Agege aka haife mu, amma har furfura ta cika masa gemu a ɗakin haya yake. In aka kawo masa tallan fili wajen Iyana Ipaja, sai ya ce shi baƙo ne, nema ya zo, ya ma kusa tafiya. A ƙauyensu na ƙasar Kano ya gina ɗakin da ba kowa a ciki sai gara, a can kuma ya nuna wa ƙannensa inda yake so a kwantar da shi, kusa da mahaifiyarsa.

Wannan magana tana ƙona min rai tun ina yarinya. Ni 'yar Agege ce, a nan mijina yake gyaran mota, a nan 'ya'yana suke makaranta. Duk sanda ya ce ya kusa tafiya, abin da kunnena yake ji shi ne zai kwashe komai nasa ya bar ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake ce min Uwata, ni kuwa na riƙe sunan da hannu biyu ina yi masa faɗa son raina.

Ciwon ya fara da rage tuwo. Loma kaɗan sai ya ce ya ƙoshi. Muka ɗauka ulsa ce, muka daɗe muna ɗura masa magani da jiƙe-jiƙe, tazugen wandonsa kuwa kullum sai ƙara tsawo yake. Da aka zura masa na'ura ta maƙogwaro a babban asibiti, aka ce ciwon daji ne a tumbinsa, sai an yanke wani sashe.

Muna jiran ranar aiki sai wata likita Bayarabiya ta zo bakin gadonsa, ta rusuna ta gaishe shi. Ta ce ba ita za ta yi masa aiki ba, ita bincike take yi. Roƙo ta zo yi: idan an yanke, a ba ta 'yar tsoka kaɗan ta ajiye a firij ɗin ɗakin bincikensu. Yarabancin Baba bai wuce na ciniki da faɗa da 'yan dako ba, don haka ni ce tafinta.

Ta yi min bayani, na sa ta maimaita, don ban yarda in kai wa ubana maganar da ban gane ba. Ta ce kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana aika saƙonni a cikin kanta, na abin da za a ƙera da yawan da za a ƙera. Saƙon shi ake kira RNA. Akwai wasu sinadarai, enzayim, da aikinsu shi ne ɗora wa saƙon 'yar alama, wasu kuma su goge ta. Alamar tana iya sa saƙo ya daɗe ana aiki da shi, ko a yi saurin zubar da shi. Ana zargin a dajin tumbi waɗannan masu sa alamar suna rikicewa, saƙon da ke cewa ƙwaya ta yi ta hayayyafa sai ya ƙi ƙarewa. So take ta gwada tsokar da ta kamu da wadda ke gefenta mai lafiya, ta ga bambancin.

Na juya ga Baba na rasa ta inda zan fara. Sai na ce, “Baba, ka san fentin da ake shafa wa buhunan albasa kafin a yi lodi? Wannan a sauke shi, wannan a wuce da shi. To wai akwai masu shafa fenti a cikin jikin mutum. Naka ne ake jin sun rikice.”

Ya yi dariya har sai da ya dafe ciki. “Ashe har a cikina ma akwai yaran da ba sa jin magana.” Sannan ya ce in tambaye ta ko abin zai warkar da shi.

Ta ce a'a. Ko kwana ba ta yi wa maganar ba. Ta ce wataƙila ya amfani wasu nan gaba, wataƙila kuma ba a samu komai ba, in ya ƙi ma ba abin da zai canja a aikin da za a yi masa.

Nan raina ya ɓaci. Mutumin da ko farcensa ya yanke sai ya tona rami ya binne. Mutumin da ranar da ƙofar mota ta datse wa wani direba yatsa a kasuwa, shi ya naɗe yatsan a farin ƙyalle ya kai maƙabarta da kansa. Na ce mata cikin Yarabanci, mu ba ma barin naman mutum a firij kamar kifi. Ta sunkuyar da kai ta ce ta gane, ta ba mu haƙuri.

Baba ya ce, “Uwata, faɗa kike yi, na ji muryar. Ce mata ta ɗiba. Abin da ya rage a ba ku ku binne.”

Na faɗa mata, don ba ni da ikon sauya maganarsa. Amma tana fita na tasa shi a gaba. Na ce yaya zai je kabarinsa da giɓi, yaya za a yi ranar tashi.

“Wanda zai tattaro mutanen da kifi ya cinye a teku, firij ɗin Legas ne zai gagare shi?” Ya gyara kwanciya, ya kalle ni. “Kuma ba ke ce kullum kike min mitar na ƙi barin komai a garinku ba? To ga shi na bari. Shi ne wuri na farko a Legas da ba za a ce in biya haya ba.”

Sai a ranar na san ashe duk mitar da nake yi tana shiga kunnensa.

Aka yi aikin. Ya ɗan farfaɗo, yana shan kunu da cokali kamar yaro, yana ƙorafin ba gishiri a romo. Amma likitoci sun ce ciwon ya riga ya yaɗu. Yana jin ƙarfin zama a mota ya ce a kai shi gida. Kayansa duka jaka ɗaya suka cika, har da butarsa. Ɗakin hayar da ya bari, ko ƙusa tasa babu a bango.

Bayan damina ya rasu. Kafin in samu mota an riga an rufe shi, kusa da mahaifiyarsa, yadda ya so. Na je na zauna zaman makoki, na dawo Agege, kabarinsa kuwa yana can inda ba na iya zuwa sai shekara-shekara.

Sau ɗaya na koma asibitin na nemi likitar. Na ji kunyar maganar kifin nan, ita kuwa ba ta ma tayar da ita ba. Na tambaye ta ko naman Baba yana nan. Ta ce yana nan, suna kan dubawa, ba su kai ga sanin komai ba tukuna. Ta nuna min tagar ɗakin daga waje, a hawa na sama, kusa da tankin ruwa.

Yanzu in zan shiga Idumota sarin atamfa, da gangan nake hawa danfo, bas ɗin haya, wanda ke bi ta gaban asibitin, ko da ya fi zagaye. Ina neman kujerar gefen taga. Idan muka zo daidai tankin ruwan nan, kwandasta yana ta ihun a miƙo kuɗin mota, sai in yi ƙasa da murya in ce, “Baba, ina kwana. Yara suna gaishe ka.”