Dodo Mai Fata da Ƙanensa Manaja

Mahaifina, wanda mutanen Ƙofar Taramniya ke kira Dodo mai fata, bai taɓa shiga aji ba. Ya yi karatun allo, ya sauke, sauran iliminsa kuwa a hannu yake. In aka miƙa masa fatar jar akuya, zai lanƙwasa ta, ya kai hanci, ya gaya maka ko a inuwa ta bushe ko a ƙasa aka shimfiɗa ta rana ta gasa, har ya faɗi ko mai fiɗar bahago ne.

Yadda aka yi bai yi boko ba, gata ne ya jawo. Shekarar da aka zo unguwa neman yaran da za a sa elemantare, kakana Malam Bawa ya tura ɗansa Dodo garin Wamakko wurin dangi ya ɓoye shi. Da aka matsa sai gidan ya ba da yaro, ya miƙa Siddiƙu, maraya, ɗan ƙanensa da ya rasu. Kowa a lokacin ya ce an ceci Dodo.

Siddiƙu ya gama elemantare, ya gama midil, ya yi ɗan aikin akawu a wani kamfanin Turawa mai sayen fata da ƙirgi. A 1955 kamfanin ya tura shi kwaleji a Zariya ya koyi yadda ake tafiyar da kasuwanci da shugabancin ma'aikata, don ana ta maganar mulkin kai, ana neman 'yan ƙasa da za su karɓi kujerun Turawa. Bayan shekara biyu ya dawo da takardar shaida da keke sabo, aka ba shi manajan rumfar sayen fata ta Sakkwato.

Innata Kulu ta ce daga ranar cin abincin Baba ya ragu. Gidan da aka sani da gidan Bawa mai fata ya koma gidan su Manaja. Baƙo in ya yi sallama, Manaja yake tambaya. Kakana, da ido ya fara yi masa rauni, ya riƙa zaunar da Siddiƙu kusa da shi a zaure yana cewa a ba shi labarin Zariya.

Wata ranar Juma'a bayan an taso masallaci, Baba ya tambaye shi gaban mutane.

"Wai Siddi, mi anka koya maka can shekara biyu?"

"Abubuwa da dama, Yaya. Yadda ake tsara aiki, yadda ake riƙon ma'aikata. Akwai wani darasi da malaminmu ya fi matsa mana, wai shugaba shi ke ɗaukar laifin duk abin da ya sa wa hannu, ba ya tura shi kan na ƙasa."

Baba ya yi dariya. "Ashe amana ma sai an tahi Zariya ake karanto ta? Mu nan Baba ya koya muna ita kyauta."

Mutane suka yi dariya, Siddiƙu ma ya yi. Amma kakana ya ce, "Bar shi ya ƙarasa, Dodo," kuma wannan kalma ta fi komai ƙona Baba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, yanzu dole ya ɗauki fatunsa ya kai rumfar, ya tsaya a layi da sauran 'yan kasuwa, ƙanensa na zaune bisa kujera. Siddiƙu ya sha cewa ya shigo ciki ya zauna, Baba ya ƙi.

Akwai wani tsoho a rumfar, Tambari, shi ke tantance fata, ya ware lamba ɗaya da lamba biyu. Baba ya san idon Tambari ne ke riƙe da wurin, ya kuma san Siddiƙu bai san fata ba sai a takarda. Da bazarar 1958 aka yi wa Tambari rasuwa ya tafi ƙauye kwana bakwai, Siddiƙu ya zauna a madadinsa. Baba ya samo fatu sittin shanyar ƙasa, irin waɗanda ke da kyau a ido amma in sun shiga jima sai su ruɓe. Ya goge su, ya cusa su cikin nasa masu kyau, ya kai. Siddiƙu ya duba, ya ce lamba ɗaya, ya sa hannu. Innata ta ce Baba ya dawo gida ran nan yana raha, har ya sayo tsire.

Ba riba yake nema ba. So yake kasuwa ta ga cewa takardar Zariya ba ta san warin fata ba.

Bayan wata biyu babban Baturen kamfanin ya zo daga Kano da fata uku a mota, duk sun yi huji sun zube. Ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa, ya ce a faɗa masa wanda ya kawo kayan a hana shi ciniki da kamfani har abada, a kuma sallami mai tantancewa. Kowane ɗan kasuwa yana da alamar da yake yi a wuyan fatarsa, ta Baba zane uku ce, kuma tana nan a jikin fatun. Baba yana tsaye a layin baya.

Siddiƙu ya juya fatun ya kife su. Ya ce Tambari ba ya nan ranar, shi da kansa ya duba, shi ya sa hannu, kuma aikin rumfa ne ta gane kaya kafin ta saya. Baturen ya sake tambayar sunan mai kayan. Siddiƙu ya ce laifin nasa ne, a hukunta shi. Aka rage masa matsayi na shekara guda, aka ɗora masa wani Bature matashi a kansa.

Washegari da hantsi ya zo wurin da Baba ke shanya, ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

"Yaya, koya mini yadda ake gane shanyar ƙasa."

Baba bai ɗago ba. "Ka ga alamar?"

"Na gani."

"To mi ya hana ka faɗa?"

"Ni na sa hannu. Kuma da na faɗa, babanmu ba zai ga ƙarshen damina ba."

Baba ya daɗe yana kankare wata fata. Daga baya ya ɗauko biyu ya jefa masa, ya ce ya lanƙwasa ya saurari ƙarar kowace, sannan ya shinshina wajen ƙashin baya. Wata huɗu Siddiƙu yana zuwa kowace Lahadi. Baba ya koya masa komai bai rage ba, amma bai taɓa ce masa ya yi daidai ba, iyaka ya ce, "Ɗauko wata."

Wanda bai san Baba ba zai ɗauka a nan hassadar ta mutu. Ƙaruwa ta yi. Labari ya zaga kasuwa cewa Manaja ya tare wa Tambari da wani ɗan kasuwa, aka riƙa yabonsa har a majalisar Hubbare. Baba ya ce wa Innata, "Na so in nuna bai san hwata ba, sai ga shi na nuna wa gari ya hi ni hali. Wanga kuma ina zan kai shi?"

Kakana ya rasu a 1959 bai san komai ba. A watan da aka karɓi 'yancin kai aka ɗaga Siddiƙu zuwa babban ofishin Kano. Baba ya raka shi tashar mota, shi ya ɗaura masa akwati da igiya, ya ja ya tabbatar ta yi ƙarfi. Da ya dawo gida abin da ya fara cewa shi ne gaban mota aka ba Siddiƙu, kusa da direba.

Baba ya ci gaba da sana'arsa shekara ashirin da uku, ya yi rufin asiri, ya je Makka sau ɗaya. Baffa Siddiƙu yana aiko wasiƙa duk wata, ni ke karanta wa Baba. Sai ya sa na karanta sau biyu, kuma ba ya rasa abin kushewa: ko gaisuwar ta yi tsawo, ko Hausar ta koma ta Kanawa. Amma in wata ya kusa ƙarewa wasiƙa ba ta zo ba, zai leƙo ɗakinmu ya ce, "Sadiyatu, je ki gidan waya ki duba, mutanen nan sun cika ɓatar da kayan mutane."