Ɗan Ƙanwata a Bakin Raga

Duk shekara bayan Babbar Sallah, mu 'yan Zango na Manchester muna buga ƙwallo da ɗaliban Najeriya na Birmingham. Su suna mana dariya wai Hausarmu ta Gana ta ji jiki, mu kuma muna ce musu digiri ba ya gudu. Wasan zumunci ake kiransa, amma wanda aka ci sai ya shekara yana shan gori.

A shekarar da nake magana, tsohon golanmu ya ajiye safar hannu, don likita ya ce masa ya zaɓa, ko raga ko gwiwa. Sai na kawo ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara sha bakwai haihuwar Old Trafford, dogo sambal, idan ya kama ƙwallo sai ka rantse danƙo ne a hannunsa. Ragar nan kuwa yana sonta kamar ransa. Ranar da aka ba shi rigar, uwarsa ta ce da ita ya kwana.

To, amma 'yan bayanmu duk sa'annin ubansa ne. Babbansu wani Alhaji ne direban tasi, tun kafin a haifi yaron yake buga lamba biyar, kuma shi ya yanka ragon sunansa. Ita kuma ƙanwata ta yi wa ɗanta tarbiyya irin ta gida: ba a ɗaga wa babba murya, ba a kallon ƙwayar idonsa, ba a ce masa matsa. Gola kuwa rabin aikinsa ke nan, tsawa da korar mutane daga gabansa.

A wasan gwaji, a wani park, filin shaƙatawa da ke Whalley Range, aka bugo kwana. Ƙwallo na sama, Alhaji ya tsaya ƙiƙam a gaban yaron yana gyara kai. Ina bayan raga, da kunnena na ji yaron ya ce a hankali:

"Baba, sannu, don Allah ko zan ɗan wuce?"

Kafin Alhaji ya gama juyowa, ƙwallo tana cikin raga.

Shi ke nan, shagon askinmu ya zama kotu. Mai askin, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi gudu ba ko don bus, ya ce gola marar murya ladan ne mai mura. Wani ya ce laifin chips ne, yaran nan na Ingila ba su da zuciya. Wani mai aikin dare a warehouse, wato sito, ya kawo hujjar cewa tsayin yaron ma ya yi yawa, kafin ya sunkuya an gama. Alhaji da kansa ya buga cinya ya ce a zamaninsu a Kumasi gola har zagi yake yi, kuma babu mai jin haushi, don fili ba ya sanin babba. Daga nan ya ambaci surukinsa, wani mai aikin security da tumbi ya riga shi shiga ɗaki, ya ce shi ma fa yana taɓa kamu. Raina ya ɓaci, na ce surukin nan ko bus bai taɓa kamawa a kan lokaci ba. Da ƙyar aka raba mu. A ƙarshe aka yanke cewa yaron zai tsaya a wasan Birmingham, idan bai buɗe baki ba a karɓe rigar.

Na ɗauke shi muka koma park ɗin mu biyu. Na tsaya a gabansa na turo ciki, na ce ni ne Alhaji, ya yi min tsawa. Ya buɗe baki, sai dariya. Na sake, sai ya sunkuyar da kai. Turawa masu yawo da karnuka suka riƙa kallonmu kamar sa kira hukuma. Da Hausa dai abin ya ƙi fita, harshensa ba ya yarda. Sai da na ce ya yi da Turancinsu na Manchester, nan fa murya ta fito, har wani kare ya tsorata.

Ranar wasa muka cika minibus muka nufi Edgbaston, wani fili kusa da jami'a. Yayyafi ake ta yi. Muka jefa ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci, ɗalibai suka dawo mana kamar mun ci musu scholarship. Ana dab da tashi suka sami kwana. Alhaji ya sake tsayawa a inda ya saba, sai muka ji yaron ya daka masa tsawa da Turanci, wai ya matsa, ƙwallon gola ce:

"Keeper's! Shift, man!"

Alhaji bai matsa ba, don babu wanda ya taɓa ce masa haka. Yaron ya tashi ta kansa ya cafke ƙwallo, Alhaji ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ɗalibai suka bushe da dariya, har da mai ɗaukar hoto. Muka tashi da ci ɗaya da nema. Wallahi na yi murnar da har hawaye suka zo min.

A mota kuwa babu mai murna. Sai da muka hau motorway mai aski ya yi gyaran murya ya ce shi dai kalmar nan ta "man" ce ta tsaya masa a rai. Nan take kotu ta sake zama. Wanda ya ce yaran Ingila ba su da zuciya yanzu ya ce ba su da kunya. Wani ya ce yau Alhaji ne, gobe liman. Na tuna musu cewa su suka ce ya yi tsawa. Suka ce e, tsawa suka ce, amma ba wa manya ba. Na tambaye su wa ke gabansa in ba manya ba, alƙalin wasa? Aka ce in yi haƙuri, ni ma da alama daga wajena ya koya. Alhaji yana ta goge wando da tissue. Yaron yana kujerar baya, yana jin komai.

Washegari uwarsa ta tasa shi gaba har flat ɗin Alhaji, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Alhaji ya yafe masa duniya da lahira, ya sa masa albarka, ya ce kuma yaron ya bar rigar golan a kan kujera.

Ni na mai da su gida. Da uwar ta fita, yaron ya tsaya riƙe da ƙofar mota, ya tambaye ni da Hausarsa mai ɗingishi:

"Kawu, to wanne suke so in yi?"

Na ce ya shiga gida, ana sanyi. Har yau tambayar nan tana ci min rai.

Da shekara ta zagayo ɗalibai suka zo Manchester, surukin Alhaji a raga. Shida suka zura mana. Amma a shagon aski kowa ya shaida cewa har aka tashi, bawan Allahn nan bai ɗaga wa kowa murya ba.